Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Conor McPherson?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko yana neman bayani kan wasannin daɓe na Conor McPherson.

To, malam, an haifi wannan marubuci a Dublin, babban birnin Ireland, a 1971. Wasan da ya fito da sunansa shi ne The Weir, wanda aka fara nunawa a gidan wasa na Royal Court da ke Landan a 1997, ya kuma ci lambar yabo ta Olivier a 1999.

A wasan, cikin wata mashaya ta ƙauye wasu maza ke ba wata baƙuwa, Valerie, labaran fatalwa, kowa na son burge ta. Can sai ta buɗe baki ta ba da nata: 'yarta ta nutse a ruwa, bayan rasuwar kuma ta ji muryar yarinyar a waya. Nan bakin kowa ya mutu. A ganina gwanintar McPherson ke nan, da hira zalla yake girgiza zuciya.

A The Seafarer na 2006 kuwa, Shaiɗan ne ya zo karta a jajibirin Kirsimeti, ran wani mutum ne abin caca.

In za ka karanta, malam, fara da The Weir.