Idan Banki Ya Sa Gidanka a Kasuwa

Sana'ata ƙiyasta darajar gidaje da filaye ce, kuma yawancin masu kirana bankuna ne. A shekarun da na yi ina zagaya Jos da abin awo a hannu, daga Gada Biyu zuwa hanyar Rukuba har Farin Gada, babu abin da ke damuna kamar magidancin da ya jinginar da gidansa, biya ya gagara, takardar gargaɗi ta iso, sai ya kashe waya ya ɓuya. Ɓuyar nan ce ke cinye gidan.

Idan banki ya aike ni, farashi biyu nake rubutawa. Na farko shi ne abin da gidan zai yi idan aka bar shi ya jira mai saye. Na biyu farashin sayarwar gaggawa, wanda galibi yakan tsaya wajen kashi biyu cikin uku na wancan. Farashi na biyun banki yake kallo, domin shi ba gida yake so ba. Uwar kuɗinsa yake nema, da kuɗin ruwa, da ladan lauya da na mai gwanjo.

Masu saye kuwa sun san haka sarai. A ce gida ya kai naira miliyan 30, bashin da ke kansa miliyan 16. Mai kuɗi zai taya 17, banki ya ce albarka. A ja, a ja, ƙarshe a sallama a kan 20, muddin kuɗi za su shigo lakadan. Wanda ya taya 23 amma zai biya kaɗan-kaɗan, sau da yawa sai a tsallake shi.

A Jos kuma akwai wani ƙarin ciwo. Tun rikicin Satumbar 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, mutane suka rarrabu unguwa-unguwa bisa addini. Gidan da ke bakin iyaka, irin wasu layukan Gada Biyu, tun kafin a buɗe ciniki wani ɓangare na masu saye ya riga ya janye. Tayi ya yi ƙaranci, farashi ya faɗi. Na sha tsayawa gaban gini mai kyau ina rubuta kuɗin da na san ko ginin ba su biya ba, raina a ɓace.

Amma doka ba ta sakar wa banki linzami ba. Ba ya sayar wa kansa, kuma duk abin da ya saura bayan an cire bashi da ɗawainiya haƙƙin mai gida ne. Mai saye shi ma ya binciki takardu: dokar filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a jinginar da fili, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina a shari'ar Savannah Bank da Ajilo saboda rashin wannan amincewa.

Don Allah, mai gida, ranar da takarda ta zo, ka ɗauki lauya ka je bankin. Ka nemi cikakken lissafin bashin a rubuce, a ɗan rage maka kuɗin ruwa, sannan ka roƙi lokaci ka samo mai saye da kanka. Na ga bankuna sun yarda da haka ba sau ɗaya ba, domin ita ma shari'a kuɗi take ci, ga cin shekaru.