Amsar Tambaya: Na'urar numfashi a cikin jirgin sama

Wani magidanci daga Dogo Nini a Potiskum, mai fama da ɗaukewar numfashi cikin barci, ya tambaya ko za a bar shi ya shiga jirgi da na'urarsa ta CPAP idan zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Umra.

Za a bar shi. Amma ya riƙe ta a hannu, kada ya haɗa ta da manyan jakunkuna, domin su jifa ake yi da su, wani lokaci ma su makara. Ya nemi takardar likita da Turanci. Idan kuma zai kunna ta a sama, ya sanar da kamfanin jirgin aƙalla awa 48 kafin tafiya.

Batir shi ne babbar magana. Na litiyom da bai wuce 100Wh ba yana wucewa a jakar hannu. Daga nan zuwa 160Wh sai da izinin kamfani. Sannan ya juye ruwan ɗan tankin na'urar, ya shanya shi, don kada ya kwarara cikin injin.

Soket ɗin Saudiyya mai ƙafa uku ne irin namu. Alhaji dai kada ya bar na'urar a gida don gudun bincike. Ibada tana son isasshen barci.