Yadda Ake Saƙa Hular Jariri da Tsinke Biyu

Mai saƙar ulu ba ta jiran iskar hunturu ta fara kaɗawa kafin ta ɗauki tsinke. Da ta ji an ce wance na da juna biyu, kafin ta gama cewa Allah ya raba lafiya ta riga ta ƙirga watanni a zuci, ta ga haihuwar za ta faɗo a Disamba ko Janairu, har ta zaɓi kalar zare. Dangi sun san halinta. Ita ce za ta tsayar da ɗan maƙwabta a zaure, ta juya bakin suwaitarsa ta duba yadda aka haɗa hannun, sannan ta tuna ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ina ƙaunar irin waɗannan mata, kuma ina ganin duk mai son shiga sahunsu ta fara da hular jariri, domin ƙarama ce, ana iya gama ta a kwana biyu, kuma kusan duk abin da ake buƙata a saƙa yana cikinta.

Hular ba ado ba ce kawai. Kan jariri yana da girma idan aka gwada shi da sauran jikinsa, don haka ɗumi yana saurin fita ta nan, musamman a awannin farko bayan haihuwa. Ga bakwaini abin ya fi tsanani. A tsarin renon da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, wanda uwa ke manna ɗanta a ƙirji fata da fata, ana barin jaririn da hula a kai. Duk wadda ta taɓa kwana da jinjiri a Jos ko Kano a tsakiyar sanyi ta san amfanin wannan ɗan abu.

Kayan aikin ba su da yawa: dunƙulen ulu ɗaya mai giram 50, tsinken saƙa biyu masu kaurin milimita 4, allura mai babban kunne, almakashi, da tef ɗin awo na tela. Ki nemi zare mai matsakaicin kauri, wanda aka rubuta DK a takardarsa. Galibin ulun da ke kasuwanninmu na roba ne, ba gashin tunkiya ba, kuma ga jariri hakan ba laifi, don yana jure wanki. Amma kafin ki biya, ki goga shi a wuyanki ko a bayan kunne. In ya yi miki ƙaiƙayi, ki mayar wa mai kanti kayansa. Ki kuma duba lambar rini da ke jikin takardar. Dunƙule biyu za su iya zama kala ɗaya a ido a cikin shago, amma in ba tukunyar rini ɗaya suka fito ba, sai an saƙa su tare bambancin zai fito fili. Shi ya sa masu saƙa ke sayen fiye da abin da suke buƙata, kuma daga nan ne tarin zare yake somawa: a ƙarƙashin gado, a cikin tsohuwar akwatin lefe, a bayan labule. In maigida ya ce, “Hajiya, wannan zaren duk na mene ne?” amsar a shirye take: “Ai kowanne da mai shi, Alhaji.” Kuma gaskiya ta faɗa, don ta san wa za ta saƙa wa kowane dunƙule, ko da ba a haife shi ba tukuna.

Wasu ma ba sabo suke saye ba. Sukan tsinto suwaita mai kyau a gwanjo, su farke ɗinkin, su warware ta zare-zare. Zaren yakan fito a nannaɗe, sai a naɗe shi a bayan kujera, a ɗaure, a jiƙa a ruwa mai ɗumi, a rataye a inuwa har ya miƙe.

Kafin ki taɓa hular, ki yi gwaji. Na san wannan ne matakin da kowa ke son tsallakewa, amma hannun kowa da irin matsinsa. Ki saƙa ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu, ki shimfiɗa shi ba tare da ja ba, ki aza tef ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10. Ido shi ne kowane zarge ɗaya na zare da ke kan tsinke. Da wannan zare da wannan tsinke ana son a samu kamar 22. In kin samu fiye da haka, hannunki na matsewa, ki ɗauki tsinke mafi kauri. In ƙasa da haka ne, ki koma ga siriri. Kewayen kan sabon jariri yakan kai santimita 34 zuwa 35, amma hular za a yi ta ƙasa da haka, kamar 29 ko 30, don ta miƙe ta kama kan.

Yanzu sai ɗora ido. Ki ware jelar zare kamar mita ɗaya da ɗan ɗori, ki yi zarge mai zamewa ki sa a tsinke, ki riƙe tsinken a dama. Ki naɗa jelar a babban yatsanki na hagu, ki cusa bakin tsinke a cikin naɗin, ki zagayo da zaren da ke fitowa daga dunƙule, ki tsallakar da naɗin bisa bakin tsinken, ki ja a hankali. Ido ɗaya ke nan. Haka za ki yi har su kai 66. Kada ki ɗaure su tamau, don wannan layi shi ne zai zauna a goshin yaro, in ya matse zai bar shaida a fata.

A nan ne ƙirge yake shigowa, kuma daga nan har ƙarshe ba zai bar ki ba. Wanda bai san saƙa ba yakan ɗauka mai saƙa tana zaune ne kawai hannu na motsi, sai ya jefo mata magana. Za ka ga ta ɗaga murya ba tare da ta ɗago kai ba, “arba'in da ɗaya, arba'in da biyu,” wato ka dakata. Yaran gidan masu saƙa sun fi kowa sanin cewa ba a tambayar Umma kuɗin makaranta a tsakiyar layi.

Saƙa gaba ɗayanta motsi biyu ne. Na farko saƙar gaba: zare yana bayan aiki, ki cusa tsinken dama cikin idon farko na tsinken hagu daga gaba zuwa baya, ki zagayo da zare, ki jawo sabon ido, ki zame tsohon. Na biyu saƙar baya: ki dawo da zare gabanki, ki cusa tsinken daga dama zuwa hagu ta gaban idon, ki zagayo, ki tura sabon ido baya, ki zame tsohon. Da waɗannan biyun ake yin suwaita da safa da shawul da duk wani zane da kika taɓa gani. Mafi daɗewar saƙaƙƙun kaya irin wannan da aka samu safunan auduga ne daga Masar, na wajen ƙarni na 11 zuwa na 14, wasu ma da rubutun Larabci a jikinsu, kuma aikinsu ya nuna masu shi sun daɗe da ƙwarewa.

Bakin hula ana yin sa ne da saƙar roba mai miƙewa ta koma. A layin farko ki yi gaba biyu, baya biyu, har ƙarshe, za ki rufe da gaba biyu. Ki juya aikin, ki fara da baya biyu, gaba biyu. Bayan layi uku ko huɗu ba sai kin tuna ba, zaren da kansa zai nuna miki: inda kika ga idon ya kwanta sumul ki yi gaba, inda kika ga ɗan ƙulli ki yi baya. Ranar da mai koyo ta fara karanta saƙarta da ido haka, ranar ce ta kamu. Ki ci gaba har santimita 3, ko 6 in kina son a riƙa naɗe bakin.

Daga nan jikin hula: layi ɗaya gaba zalla, layi ɗaya baya zalla, har tsawon aikin daga baki ya kai santimita 10, ko 13 in kin yi bakin naɗewa. Wannan wuri ba wuya, ana yin sa ana hira, ana sauraren rediyo, ana jiran layi a asibiti. Kuma a nan ne ake faɗin maganar da duk mai saƙa ta sani, “bari in ƙarasa layin nan.” Ba ƙarya take yi ba. Barin aiki a tsakiyar layi yana sassauta ido, yana kuma sa a rikice in an dawo. Sai dai in ta kai ƙarshen layin, tsinken ya riga ya juya a hannunta, na gaba kuma ga shi a buɗe. Tukwane da yawa sun kama a kan wannan magana, an kuma sha ƙarasa layi da fitilar waya bayan an ɗauke wuta.

Idan ido ya zame daga tsinke ya fara gangarewa, kada ki firgita. Ki kama shi da tsinken kwarashi mai ƙugiya, ki riƙa jawo zaren kowane layi ta cikinsa ɗaya bayan ɗaya har ki maido shi sama. In kuwa kuskuren yana can ƙasa, layi goma baya, shawara ta rage gare ki. Mutane za su ce miki ba wanda zai gani, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Ni dai ina tare da wadda za ta zare tsinke ta warware. Zare ba ya lalacewa don an warware shi, ita kuwa mai aikin duk lokacin da ta ga yaron da hular, idonta wurin zai fara zuwa.

Sai rage ido don a rufe tsakar kai. A layin gaba, ki saƙa ido ɗaya na gefe, sannan ki yi gaba shida ki haɗa biyu ki saƙa su a matsayin ɗaya. Ki maimaita haka sau takwas, ki rufe da ido ɗaya na gefe. Saura 58. Ki dawo da layin baya zalla. Layi na gaba gaba biyar ki haɗa biyu, saura 50. Haka za ki riƙa sauka, huɗu, uku, biyu, ɗaya, kina raba su da layin baya: 42, 34, 26, 18. A na ƙarshe ki haɗa bibbiyu tsakanin idanun gefe, saura 10. In kin duba za ki ga layuka takwas sun taso suna karkata zuwa tsakiya, kamar tsagin kabewa.

Ki yanke zare ki bar jela kamar rabin mita, ki zura a allura, ki bi da ita ta cikin idanu goman, ki zare tsinke, ki ja har ramin ya rufe, ki sake zagayawa sau ɗaya don ƙarfi. Da wannan jelar za ki ɗinke bayan hular daga sama zuwa baki. Ki ajiye gefunan biyu kusa da juna, fuskar aiki na kallonki, ki riƙa ɗaukar zare ɗaya daga wannan gefe, ɗaya daga wancan, kina ja kaɗan-kaɗan. Ɗinkin zai ɓace ciki. Sauran jelar ki saƙala ta ta ciki, kada ki ƙulla.

Hular jinjiri ba a sa mata maɓalli ko duwatsu ko doguwar igiya, don kada ya haɗiya ko ta shaƙe shi. In kina son tuntu a sama, ki yi ƙarami ki ɗinke shi da kyau. Ki wanke ta da hannu a ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ki matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ki shanya a kwance a inuwa. In za ki miƙa wa mai jego, ki gaya mata ta riƙa cire wa yaron in ɗaki ya yi ɗumi ko zai yi barci a ciki, don zafi ma yana cutar da jariri. Zaren da ya rage a dunƙulen zai iya isa ƙananan safa. Ki auna shi, ki raba biyu daidai tun kafin ki fara, don kada ƙafa ta biyu ta tsaya a dunduniya.