Darasin Kimiyya: Yadda Yaro Mai Lafiya Ke Ɗauke da Ƙwayar Cuta a Hanjinsa

Ɗalibai, yau za mu tsaya a kan bakteriya guda ɗaya, wadda ake kira Escherichia coli, ko E. coli a taƙaice. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano ta a shekarar 1885 yana binciken kashin jarirai, daga baya aka sa mata sunansa. Takan sauka a hanjin jariri cikin kwanakin farko da haihuwarsa, kuma ba ta rabuwa da mutum har tsufa. Galibin jinsinta ba sa cutarwa. Har amfani suke yi, domin suna samar da bitamin K, suna kuma cike gurbin da mugayen ƙwayoyi za su so su zauna.

To me ya sa wasu ke jawo zawo? Bambancin yana cikin ƙwayoyin gado. Jinsin K-12 da masana ke aiki da shi a ɗakin gwaji yana da harufan gado wajen miliyan 4.6, shi kuwa O157:H7 mai haɗari yana da wajen miliyan 5.5. A cikin wannan ƙarin ne kayan cutarwa suke. Kuma ba lallai bakteriya ta gaje su daga uwarta ba. Takan karɓe su daga maƙwabciyarta ta wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, ko kuma wani bairos mai shiga jikin bakteriya ya kawo mata.

Mataki na farko na cutarwa shi ne maƙalewa, don wadda ba ta kama bangon hanji ba, bayan gida zai fita da ita. Jinsin EPEC yana da wani furotin, intimin, da yake manne wa bangon da shi, ya goge 'yan ƙananan gasun da ke tsotse abinci. Jinsin EAEC kuwa, idan aka duba shi a madubin likita, sai a ga ƙwayoyin sun hau kan juna kamar tubalin gini, majina ta lulluɓe su. Mataki na biyu dafi ne. ETEC na fitar da dafi iri biyu, ɗaya zafi na lalata shi, ɗayan yana jure zafi, kuma dukkansu suna sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa da gishiri. Dafin Shiga ya fi muni, domin yana iya kashe ƙoda. Annobar da ta ɓarke a Jamus a 2011 ta kashe mutum fiye da 50, kuma jinsin da ya jawo ta EAEC ne da ya samo wannan dafi daga bairos.

Akwai kuma waɗanda ba su da wani laifi muddin suna cikin hanji, sai sun fita. Mai igiyoyin maƙalewa, idan ya samu hanyar mafitsara, sai ciwon fitsari ya biyo baya, shi ya sa ake wanke wa yarinya daga gaba zuwa baya. Mai rigar kariya ta K1 yana iya jawo wa sabon jariri sanƙarau.

Yanzu ku kasa kunne, nan ne zuciyar darasin. Daga 2007 zuwa 2011 an gudanar da wani babban bincike mai suna GEMS a Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Indiya, Bangaladash da Pakistan. Duk yaron da aka saka a binciken saboda zawo, sai a nemo sa'ansa mai lafiya a yankinsu, a gwada kashin su biyun. Sai ga shi an samu ƙwayoyi masu kayan cutarwa a cikin yara masu lafiya da yawa. EAEC ma kusan yadda take a marasa lafiya haka take a masu lafiya. ETEC mai dafin da ke jure zafi ita ce ta fito fili a matsayin mai jawo zawo, tare da rotabairos, Shigella da Cryptosporidium.

Dalilan da ke sa yaro ya ɗauki ƙwayar ba tare da ya yi zawo ba suna da yawa. Nonon uwa na ɗauke da sinadaran garkuwa da wani irin sukari da ƙwayar ke maƙale wa, ta bar hanjin yaro. Wani yaron ya taɓa kamuwa, jikinsa ya san abokin gaba. Wani ya warke ne makonnin baya, ƙwayar ba ta gama fita ba. Wani kuma kaɗan ya haɗiya. Sannan gwajin PCR da ake yi wa kashin gado kawai yake nunawa, ba ya cewa ƙwayar tana aiki da shi a lokacin.

Amma kada ku ɗauka ɗaukar ba ta da illa. Binciken MAL-ED, da ya bi diddigin yara a ƙasashe 8, ya nuna cewa yawan ɗaukar EAEC ba tare da zawo ba yana da alaƙa da rashin tsawo yadda ya kamata. Hanjin na cikin kumburi a ɓoye, abinci ba ya shiga jiki sosai, yaro ya tsumbure. Wannan shi ya fi damuna, domin uwa ba ta ganin alamar da za ta sa ta tafi asibiti. Ga kuma yaɗuwa. Mun saba ɗaukar kashin jariri a matsayin mara ƙazanta, a share shi a gefen tsakar gida, inda ɗan'uwansa ko ɗan kishiya ke rarrafe yana kai hannu baki. Wurin kashin masai ne, sannan a wanke hannu da sabulu.

Maganin kashe bakteriya ba na yaro mai lafiya ba ne. Ba shi haka kawai daga kemis yana kashe na kirki, ya bar masu taurin kai, kuma filasmid ɗin da ke ɗauke da kayan cutarwa yakan ɗauko gadon bijire wa magani tare. Idan zawon ruwa ya zo, a ba da ruwan gishiri da sukari da zinki na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa. Idan an ga jini a kashin, a kai yaron asibiti a ranar.