TARIN FUKA: WA KE TARI A GIDANKU?

Uwargida, ƙaramin yaro ba ya zuwa kasuwa ko tasha ya ɗauko tarin fuka. Galibi a cikin gida yake samunsa, wurin babban da ya daɗe yana tari: ko maigida, ko kaka, ko abokiyar zamanki, ko mai rainonsa. Ƙwayar cutar ta iska take bi. In mai ciwon ya yi tari, sai ta fito ta tsaya cikin ɗaki, yaro ya shaƙa. Ba gado ba ne, ba sammu ba ne.

Dubi ɗakin kwananku. Mutum nawa ke kwana ciki? In hunturu ya zo aka toshe taga da tsumma, kowa numfashin ɗan'uwansa yake shaƙa har gari ya waye. Ki riƙa buɗe taga da ƙofa, iska da rana su shiga.

Ki kula da wurin yaye. Mun sha ganin yaron da aka kai wa kaka, suna kwana shimfiɗa ɗaya, ita kuwa tana fama da tarin da ake cewa wai na tsufa ne. Ba raini ba ne a ce a kai ta a gwada majinarta.

Yaron da ba ya samun kome sai koko zalla, ko wanda ƙyanda ta kayar, shi cutar ta fi saurin ci. Ki ƙara masa ƙuli-ƙuli, wake, zogale, da ƙwai in da hali. Ko ke ce mai ciwon, kada ki cire shi daga nono.

KAWO SHI ASIBITI IN KIN GA:
tari ko zazzaɓi ya wuce mako 2, ya ƙi jin magani;
rama, ko nauyinsa ya tsaya a katin awo;
ya daina wasa, ko kumburi a wuya.

Allurar BCG da ake yi wa jariri da haihuwa tana kare shi daga mummunan nau'in da ke hawa ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya.

Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, galibi wata 6 ake sha. Kada a tsaya don an ga sauƙi. In an sami mai cutar a gida, a kawo duk yaran da ba su kai shekara 5 ba, har na abokiyar zama, ko lafiyarsu lau, akwai maganin rigakafi. In maigida ya ƙi, ko kunya ta hana shi, gaya wa malamar asibiti a asirce, za mu yi magana da shi.