Matakai Shida na Ƙwarewa a Aikin Intanet Mara Waya

Daga kasuwar Jega zuwa rumfunan albasa na Aliero har Maiyama, kukan masu POS ɗaya ne: sabis ya ɗauke. Duk matashin da ya iya maganin wannan ba zai rasa abin yi ba. Karatun yana samuwa a waya, amma ƙwarewar sai an fita fili.

1. Kafa tushe. Yi rajista a Cisco Networking Academy, akwai darussa kyauta. Ka laƙanci adireshin IP da yadda ake rarraba shi, da aikin rauta. Sauke Packet Tracer a kwamfuta, ka riƙa haɗa na'urorin gwaji kullum.

2. San halin sigina. Zangon 2.4 GHz ya fi cin nisa, amma cunkoso gare shi, kuma tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa shiga juna. Zangon 5 GHz ya fi sauri, sai dai bango mai kauri na raunana shi. Rufin kwano kuwa mayar da sigina yake yi. Littattafan jarrabawar CWNA sun yi bayanin wannan dalla-dalla.

3. Auna da kanka. Sa manhajar WiFiman a wayarka, ka zagaya gida ɗaki-ɗaki kana rubuta ƙarfin sigina. Idan ka ga -67 dBm, kira zai tafi lafiya. Idan ya kai -80, sai haƙuri. Matsar da rautar, ka sake aunawa.

4. Taɓa ƙarfe. Nemi rautar MikroTik ko da ta hannu ce. Saita ta, goge, sake saitawa. Koyi matse kan kebul har ya zamar maka jiki. Daga nan sai kwas ɗin MTCNA na MikroTik.

5. Koyi haɗa wuri mai nisa. Ganin dishi da dishi bai isa ba. A tazarar kilomita 20 kan 5 GHz, ana son sarari na kusan mita 10 a ƙarƙashin layin da ke tsakanin dishin biyu a tsakiyar hanya, ga tudun doron ƙasa na kusan mita 6. Darbejiya ɗaya na iya ɓata aikin, musamman idan ganye ya jiƙe da damina. Kafa kariyar tsawa, ka riƙa share ƙurar hunturu daga kan sola. Ka kuma karanta ƙa'idojin hukumar NCC kafin ka fara sayar wa jama'a intanet.

6. Bi na gaba. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana kusa, kuma zangon SIWES dama ce ta bin masu hawa turke. Akwai kuma shirin horo na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023.

Jarrabawar CCNA 200-301 ta Cisco da dala ake biyan ta, don haka kada ka yi gaggawa. Fara haɗa wa makaranta ko shago ɗaya aikin da zai ɗore, ka tara kuɗin rajistar daga ladansa.