Sanin Kayan Aikin Makafi Kafin a Yi Rahoto a Kansu

Akan nemi Hakimi ko magatakardansa su duba kayan da za a saya wa makafin ƙasarsu, su aika da rahoto. Aikin nan yana bukatar sani ƙwarai, gama rahoton wanda bai san kaya ba yakan sa a ƙi abin kirki, ko kuwa a ɓatar da dukiyar jama'a.

Da fari sai a san rubutun makafi, wanda Louis Braille, mutumin Faransa, ya buga a 1829. Ɗigo shida ne masu tudu, da yatsa ake karanta su. Keken rubutu na Perkins, wanda ya fito a Amurka a 1951, maɓalli guda gare shi ga kowane ɗigo, tare kuma ake danna su harafi ya fita. Wanda ya auna shi da tafireta zai ce haruffansa ba su cika ba.

Haka nan wayar iPhone, wadda aka sa wa VoiceOver a 2009. In an kunna shi, taɓawa ɗaya sunan abu kaɗai take faɗi, sai an taɓa sau biyu ya buɗe. Baƙon abin sai ya rubuta cewa wayar ta lalace.

Saboda haka lalle ne mai dubawa ya koyi aikin kayan tukuna, sa'an nan ya gwada su tare da makahon da ya saba da su. A cikin rahoto ya faɗi sunan kaya, da kuɗinsa, da inda ake gyaransa, da bukatarsa ta lantarki. In mai magana ne, ya faɗi ko yana iya karanta Hausa.